Ɗingishin Yakubu: Darasi a kan Ciwon da Ya Saura Bayan Aikin Kwatangwalo

Abin karantawa: Farawa 32:13-32 da 33:12-14, 2 Korintiyawa 12:7-10.

Darasinmu na wannan wata ya fito daga ƙasar Gumel ne, can arewacin Jihar Jigawa, inda iyakar Nijeriya ta haɗu da ta Nijar. Ekklesiyoyinmu na wannan gefe ƙanana ne, daga Gumel zuwa Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. In mutum ya yi fashin sujada Lahadi biyu, kowa ya sani. Saboda haka ba mu daɗe ba muka lura da gurbin wani dattijonmu a benci na gaba.

Shi dai wannan dattijo dillalin dabbobi ne a kasuwar Maigatari, wadda ta ke ci ran Alhamis, inda a ke kawo shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar har da Cadi. Shekara da shekaru yana fama da kwatangwalonsa na dama, har ya kai ba ya iya sa takalmi da kansa. 'Ya'yansa suka sayar da bijimai biyu, Ekklesiya ta yi baiko na musamman, aka kai shi Kano, likitoci suka cire gaɓar da ta lalace suka sa masa ta ƙarfe. Bayan mako shida ya shigo ɗakin sujada, ya jingine sandunansa a bango, ya tsaya da ƙafafunsa ya ba da shaida, ya ce Ubangiji ya warkar da shi sarai. Mata suka yi guɗa. Mu ma muka yi murna, ba kuwa laifi ba ne.

Bayan wata uku sai muka daina ganinsa. Muka je gidansa, muka tarar da shi kwance a zaure. Muka ce, "Sannu Baba, yaya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." Da mun tashi a kan haka nan, sai uwargidansa ta yi magana daga bayan zana, ta ce, "Malam, 'ya'yanka ne fa, faɗa musu gaskiya. Rabonka da barcin kirki yau kwana nawa?" Ya yi shiru, can ya ce, "'Ya'yana, na riga na tsaya gaban jama'a na ce na warke. In na komo da sanda a hannu ina ɗingishi, ai na mai da sunan Ubangiji abin dariya. Kuɗin baiko kuma na mutane ne. Me zan ce musu?"

Wannan magana ce ta sa muka rubuta darasin nan, gama mun tabbata ba shi kaɗai ba ne.

Yakubu a mashigin Yabbok

Bari mu fara da Littafi Mai-tsarki. Yakubu ya yi shekara 20 a gidan Laban, ga shi yana komowa ƙasarsu, sai aka ce masa wansa Isuwa yana tafe da mutum 400. Tsoro ya kama shi, gama ya san abin da ya yi wa wan nan nasa. Ya ware kyauta ya aika gaba. Ku ƙidaya da kanku cikin aya 14 da 15: awaki da bunsuru 220, tumaki da raguna 220, taguwa masu shayarwa 30 tare da 'ya'yansu, shanu 40 da bijimai 10, jakuna 30. Duka 550 ke nan, ban da 'yan raƙuma. Mutumin Maigatari ba ya bukatar a bayyana masa yawan wannan dukiya, ya san ƙurar da za ta tashi.

Da dare ya haye da iyalinsa rafin Yabbok, ya saura shi kaɗai. Wani ya yi ta kokawa da shi har gabannin asuba, ya taɓa shi a mahaɗar kwatangwalo, gaɓar ta goce. Duk da haka Yakubu ya ƙi sakinsa sai ya sa masa albarka. Ya kuwa sami albarkar, aka sāke masa suna ya zama Isra'ila, ya kira wurin Feniyel.

To, ku lura da aya 31. Sa'ad da rana ta fito, Yakubu ya wuce yana ɗingishi. Albarka tana kansa, ɗingishi yana ƙafarsa, dukansu biyu daga hannu ɗaya, a dare ɗaya. Musa bai ɓoye wannan ba sa'ad da ya ke rubutawa. Isra'ilawa ma ba su ji kunyarsa ba, har suka mai da shi abin tunawa, suka daina cin jijiyar nan ta kwatangwalon dabba. Littafi bai ce mana ɗingishin ya rabu da shi daga baya ba. Abin da ya nuna mana shi ne, a ƙarshen ransa Yakubu ya yi sujada yana jingine a kan sandarsa, kamar yadda Ibraniyawa 11:21 ta ambata, a tsakiyar surar jarumawan bangaskiya. Sanda a hannun mai-bi ba alamar ƙarancin bangaskiya ba ce.

Akwai kuma wani abu a sura 33 da mu kan wuce da sauri. Isuwa ya ce su kama hanya tare. Yakubu ya ƙi, ya ce 'ya'yan ƙanana ne, dabbobin kuwa suna shayarwa, in an kore su da ƙarfi yini ɗaya za su mutu, shi zai biyo a hankali gwargwadon tafiyarsu. Makiyayi ne ya ke magana. Amma makiyayin nan gurgu ne tun daren jiya, ya kuwa fara koyon tafiyar da bai saba da ita ba.

Abin da likita ya ke yi

Domin mu gane ciwon, sai mu gane aikin. Kan ƙashin cinya dunƙule ne kamar ƙwallo, yana zaune cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo a ƙashin ƙugu. Guringuntsi mai santsi ya lulluɓe su biyu, shi ya sa su ke juyawa ba zafi. In guringuntsin ya cinye saboda tsufa ko aikin wahala, sai ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. Wani kuma faɗuwa ce ta ke karya wuyan ƙashin, musamman tsofaffi. Wani haɗarin mota ne ko babur. A ƙasarmu kuwa akwai babban sanadi wanda ya ke kama matasa, wato amosanin jini, wanda a ke kira sikila. Jinin mai sikila ya kan toshe ƙananan hanyoyin da su ke ciyar da kan ƙashin, ƙashin ya mutu ya lotsa, har ka ga yarinya 'yar shekara 20 tana tafiya kamar kakarta. Ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar masu sikila, wajen mutum ɗaya cikin huɗu kuwa yana ɗauke da irin, wato AS, yana zaune lafiya lau. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na fitowa SS. Shi ya sa mu ke goyon bayan fastocin da ba sa ɗaura aure sai an gwada jini, ko da ya ke mun san hawayen da a kan sha a kan wannan.

Likita ya kan yanke kan ƙashin da ya lalace, ya zura wani ƙarfe cikin ramin ɓargon cinya, ya ɗora sabon ƙwallo a kansa, na ƙarfe ko na tangaran, sa'an nan ya kankare gurbin ya sa sabon ƙoƙo mai shimfiɗar roba mai tauri. Wani a kan kafa shi da wani irin siminti na ƙashi, wani kuma a bar ƙashin ya tsiro ya kama ƙarfen da kansa. Aikin awa ɗaya ne zuwa biyu.

Wanda ya kafa wannan hanya wani likita ne na Ingila, John Charnley, a asibitin Wrightington. Muna son labarinsa domin abu ɗaya. Robar da ya fara sawa ta yi kyau da fari, masu ciwo suka tashi suna murna, amma cikin 'yan shekaru ta cinye, ciwo ya komo wa ɗaruruwan mutane. Bai ɓoye ba, ya kira su ya sāke musu aiki, ya ci gaba da nema har ya dace da roba mai ƙarko a 1962. Mu kuwa a Arewa, an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a 1959, ana kuwa yin wannan aiki a can. Daga Gumel zuwa Kano wajen kilomita 120 ne, Maigatari kuma tana gaba da Gumel. Ku riƙe wannan nisa a zuciya, za mu komo kansa.

Aikin nan yana daga cikin ayyukan likita da suka fi nasara. Yawancin mutane su kan rabu da tsohon ciwonsu. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2019 ya nuna cikin gaɓoɓi 100 da aka sa, wajen 58 su kan kai shekara 25 ba a sāke su ba. Amma masu bincike sun kuma tarar da cewa wajen mutum ɗaya cikin goma ya kan zauna da ciwo mai daɗewa bayan aikin. Ɗaya cikin goma ba kaɗan ba ne. In Ekklesiya ba ta san wannan ba, za ta ɗora wa mutum na goma laifin da ba nasa ba.

Ciwo iri-iri ne

Akwai ciwon warkewa. An yanka fata, an ratsa nama, an sare ƙashi, dole jiki ya yi magana. Kumburin cinya har zuwa idon sawu, tsamin jiki da safe, zafi bayan motsa ƙafa, duk na hanya ne, su kan kuwa ragu mako bisa mako. A kan tsayar da mutum da ƙafarsa ran aikin ko kashegari, a cire zare bayan kamar mako biyu, ya riƙe sanduna mako huɗu zuwa shida ko fiye. Amma ƙarfin ƙafa ba ya cika sai wata shida, wani har shekara. Naman da ya yi shekaru bai yi aiki ba saboda ciwo, ba ya farfaɗowa don an ɗinke fata. Alamar ciwon warkewa ita ce, na yau bai kai na makon jiya ba.

Akwai kuma ciwon da ya ke ƙararrawa ne, wannan kuwa ba a kwana da shi. In wurin ɗinkin ya yi ja, ya yi zafi, yana tsatsar ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ko ciwon da ya fara sauka ya juyo yana hawa, yana zogi da dare ko mutum bai motsa ba, to, ƙwayoyin cuta ne a ke tsoro. Ƙarfe ba shi da jini, don haka in cuta ta manne masa, magani ba ya isa gare ta da sauƙi. In an zo da wuri, a kan iya wanke wurin a bar ƙarfen. In an makara, sai an cire shi duka, a yi makonni ana magani, a sāke wani aiki da wani kuɗi. In sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri tana ciwo, jini ne ya daskare a jijiya. In kuwa numfashi ya yanke farat ɗaya ko ƙirji ya kama ciwo, gudan jinin ya kai huhu ke nan, rai yana cikin haɗari a wannan sa'a. In mutum ya sunkuya ko ya juya ya ji azaba nan take, ƙafar ta gajarce ta karkace, ba ya iya taka ta, ƙwallon ne ya fita daga ƙoƙonsa. Kada a ja, kada a kira mai ɗori, a ɗauke shi a kwance zuwa asibiti. Bayan shekaru kuma, in ciwo ya riƙa soka a matsematsi ko a cinya duk sa'ad da mutum ya miƙe zai fara tafiya, mai yiwuwa ƙarfen ya fara girgiɗi, sai an ɗauki hoto.

Na uku shi ne mai wuyar sha'ani, shi ne kuwa na dattijonmu. An ɗauki hoto, ƙarfe yana zaune daidai. An gwada jini, ba cuta. Amma ciwo yana nan. Wani lokaci naman gefen ƙugu ne ya raunana, ko jakar ruwan da ta ke kan ƙashin gefe ta kumbura, har mutum ba ya iya kwanciya ta wannan gefe. Wani lokaci asalin ciwon a ƙashin baya ya ke, yana saukowa ta ɗuwawu zuwa ƙafa, tsohon ciwon kwatangwalo ne ya rufe shi dā. Wani ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, sai an ƙara wa takalmi tudu. Wani kuma jijiyar ji ce ta taɓu, ta bar ƙuna ko mutuwar fata. Akwai kuma wanda likita zai bincika duka bai ga kome ba. Ciwonsa na gaske ne duk da haka. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ya ke zuba.

"Da sauƙi"

A nan muna so mu tsaya kaɗan, mu yi wa kanmu faɗa. Bahaushe ba ya cewa jiki ba daɗi. Ko yana bakin kabari, ka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi. Al'ada ce mai kyau ta wani gefe, gama tana hana gunaguni. Amma gaisuwa ce, ba labari ba ne, mu kuwa mun mai da ita labari don ta sauƙaƙa mana ziyara.

Wata 'yar'uwa cikin Zumuntar Mata, matashiya mai sikila, an yi mata wannan aiki. Mun riƙa zuwa dubiya bi da bi. Kowa ya tambaya ta ce da sauƙi, kowa ya yi addu'a ya tafi. Ashe wurin ɗinkin yana tsatsa tun mako na biyu, tana sāke tsumma a ɓoye. Wurin a cinya ne, kunya ta hana ta nuna wa maza, ta kuma san iyayenta sun sayar da gona, kuɗin motar Kano ma nauyi ne. Sai da zazzaɓi ya kayar da ita aka gani. Aka sāke buɗe wurin, ta yi makonni a gadon asibiti. Allah ya tashe ta, amma ta sha wuyar da bai kamata ta sha ba. Laifin ba nata kaɗai ba ne, namu ne mu da muka shiga ɗakin sau da yawa ba wanda ya yi tambaya ta biyu.

Saboda haka in kun je dubiya, ku karɓi "da sauƙi" da ladabi, sa'an nan ku zauna. Ku ce, "Jiya kin yi barci? Ciwon yau ya fi na makon jiya ko bai kai ba? Wurin ya bushe?" Mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku kuma masu jinya, in kun shiga wurin likita ku bar gaisuwa a bakin ƙofa. Ku nuna wurin da yatsa, ku faɗi lokacin da ya ke tashi da abin da ya ke tayar da shi.

Gidan Bahaushe da sabon kwatangwalo

Waɗanda suka ƙago wannan gaɓa mutanen kujera ne da gado mai tsawo. Mu kuwa zamanmu a ƙasa ya ke. A tabarma mu ke ci, a tabarma mu ke hira, mata suna girki a kan kujera 'yar tsugunno, bayan gida kuma sai an tsuguna. Ga shi kuwa abin da likitoci su kan hana cikin mako shida zuwa goma sha biyu na fari shi ne wannan: kada gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo in an zauna, kada a harɗe ƙafa, kada a murɗa ƙafar ciki, kada a sunkuya ɗaukar abu a ƙasa. Dokar ta kan bambanta bisa ga gefen da aka yanka, don haka maganar likitan da ya yi aikin ita ce gaba da tamu. Ku tambaye shi a fili ko za ku iya komawa tsuguno, da yaushe.

Ma'anar wannan ita ce, a shirya gida tun mai jinya bai komo ba. A sa wa gado bulo a ƙafafu. A nemi kafinta ya huda kujera mai tsawo mai hannu, a ɗora ta bisa masai. Wannan ƙaramin abu ne, amma rashinsa ya sa mutane da yawa suna ƙin ci da sha don gudun zagayawa, mai sikila kuwa in ya rage shan ruwa a zafin Afrilu ya kira ciwonsa da kansa. A kwanta rigingine da matashi tsakanin ƙafafu. Sanda ɗaya a riƙe ta a hannun da ya ke gefen ƙafa mai lafiya, mutane da yawa suna yin akasin haka. Wajen hawa dakali ƙafa mai lafiya ta fara, wajen sauka wadda aka yi wa aiki ta fara. Ƙasarmu kuma rairayi ce, sanda tana nutsewa, don haka a fara koyon tafiya a daɓen tsakar gida.

Babur kuwa a bar shi tukuna, ko da shi ne abin hawanmu. Ranar komawa Kano a biya kujerar gaba, a tura ta baya, a roƙi direba ya tsaya a hanya a miƙe ƙafa. Nisan nan ne ya ke sa mutanenmu su yi watsi da ranar da likita ya sa musu, da motsa jikin da masu gashin ƙashi suka koya musu. Motsa jikin kuwa rabin magani ne: kaɗa idon sawu sama da ƙasa, matse naman cinya da na ɗuwawu, buɗa ƙafa gefe, 'yar tafiya sau da yawa a yini. Abinci ba sai na kanti ba. Wake da gyaɗa da ƙwai da nono da zogale, da riɗin nan da a ke lodinsa daga ƙasarmu zuwa ƙasashen waje, sun isa su gina nama. In haƙori ya ruɓe, ko maruru ya fito, ko gyambo, ko fitsari yana zafi, a yi magani da wuri, gama cuta ta kan bi jini ta sauka kan ƙarfen ko bayan shekaru.

Samarinmu 'yan dako, masu ɗaukar buhuna a kasuwa da wajen yankin ciniki na kan iyaka da aka kafa a Maigatari a shekara ta 2000, su ji wannan: wanda aka sa wa gaɓar ƙarfe yana matashi, in ya koma ɗaukar buhu zai cinye ta da wuri. Ya kamata Ekklesiya ta taimake shi ya sāke sana'a.

Abu biyu mu ke gargaɗi a kai da ƙarfi. Na fari, ƙaho da tsaga da sakiya. Ba mu rena wanzami ba, amma duk abin da zai huda fata kusa da ƙarfen nan ƙofa ce aka buɗe wa cuta. An riga an kawo wa dattijonmu wannan shawara, uwargidansa ce ta hana. Na biyu, ƙwayoyin tebur. Kasuwar kan iyaka ba a rasa su. Diclofenac da ibuprofen in an daɗe ana sha su kan ci ciki su lalata ƙoda. Tramadol kuwa ya kan kama mutum ya zama bawansa, mun kuma ga masu sikila da allurar pentazocine ta kama haka nan har cinyoyinsu suka ƙandare. Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018 saboda irin wannan ɓarna. Mai-bi da ya faɗa wannan rami ta ƙofar ciwo, kada a fara da horon Ekklesiya, a fara da kai shi wurin likita. Maganin da likita ya rubuta kuwa a sha shi yadda ya ce, har da na hana jini daskarewa, kada a yanke don an ga sauƙi.

Shaidar da ba ta cika ba

Yanzu mu koma kan tambayar dattijon. Wani ɗan'uwa mai himma ya taɓa ce masa ya yar da sandar, wai riƙe ta shakka ce. Ya kuwa yar, ya zaga kasuwar dabbobi tun safe har la'asar cikin rairayi, mako bayan mako, yana cije leɓe. Himma ce marar sani, mun kuwa gaya wa ɗan'uwan nan haka.

Ina aka rubuta cewa kowane mai-bi zai warke sarai a duniyan nan? Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ta ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin da zai ɗauke ta. Bulus ɗin nan da aka warkar da mutane ta hannunsa ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya, ya kuma ba Timoti shawara saboda yawan ciwon cikinsa. Luka likita ne, Bulus bai ce masa ya bar aikin ba. Sa'ad da Allah ya ji addu'ar Hezekiya, Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Da almajirai suka ga makaho suka tambaya zunubin wa ya jawo, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuwa na iyayensa ba. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru, da suka buɗe baki suna neman laifinsa ne suka ɓata.

Mun ce wa dattijon, "Baba, shaidarku ba ƙarya ba ce. Dā ba kwa iya sa takalmi, yanzu kuna sawa. Wannan aikin Allah ne. Abin da ya rage shi ne ku ƙarasa ta." Mu ma muna da abin gyarawa, gama mun saba ba da wuri ga shaidar da ta ƙare da guɗa kaɗai, har mai sauran ciwo ya ga ba shi da abin faɗi a gaban jama'a.

Aka mai da shi Kano da kuɗin asusun jinya. Likita ya ce ƙarfe lafiya, naman gefen ƙugu ne ya gaji, ƙashin bayansa kuma ya tsufa. Aka mai masa da sandarsa, aka koya masa motsa jiki. Bayan wata huɗu barci ya komo. Ciwon bai tafi duka ba, da hunturu ya kan tashe shi da asuba, yana kuwa ɗingishi kaɗan. Ran Alhamis yana zuwa kasuwa, amma a rumfa ya ke zama, 'ya'yansa su shiga cikin dabbobi su kawo masa magana. Ran Lahadin da ya komo sujada ya tsaya da sandarsa ya faɗi duk abin da ya faru, bai rage kome ba. Ba a yi guɗa ba. Amma bayan an tashi, mutum uku suka same shi ɗaya ɗaya, kowa da nasa ciwon da ya daɗe yana ɓoyewa. Dattawa suka sa kafinta ya yi kujeru biyu masu tsawo masu hannu, aka ajiye su kusa da ƙofa.

Ga mai-bi da aji: bayan an karanta Farawa 32, a tambayi jama'a don me Isra'ilawa suka riƙa tunawa da ɗingishin kakansu maimakon su ɓoye shi. A sa wani ya faɗi alamun ciwon da ba a kwana da shi, ba tare da duban takarda ba. Sa'an nan a ƙidaya waɗanda suka daina zuwa sujada saboda ciwon ƙafa ko na baya, a rubuta sunayensu, a raba wa kowa wanda zai je dubawa cikin makon nan, mace wurin mace, namiji wurin namiji.